Benci ɗaya daga falanki ɗaya: shaidar wani kafinta a Yamai

Ni kafinta ne, mutumin Adar. Daga wani ƙauye kusa da Tawa na zo Yamai ina saurayi, na zauna a hannun maigidana a gefen kasuwar Katako, kuma aikin da aka fara ba ni shi ne miƙe tsofaffin kusoshi a kan guntun ƙarfe. Yau gemuna ya yi fari a cikin sana'ar. Iyakar labarin kaina ke nan. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne kayan da ake kawo mini gyara: benci da magidanci ya buga da hannunsa yana rangaji kamar maras lafiya, kantar da ta yi ciki a tsakiya, mazaunin randa da ƙafafunsa suka ruɓe cikin damina ɗaya. Raina ba ya ɓaci da ganin su, daɗi ma nake ji mutum ya ɗauki zarto ya gwada. Abin da ke damuna shi ne kuskuren iri ɗaya ne kullum, kuma da an faɗa masa tun farko da bai yi asarar katakonsa ba. Shaidar da zan bayar ita ce, mai zarto da guduma da mita zai iya yin abin zaman da 'ya'yansa za su gada, muddin ya san halin katako a iskar garin nan, ya kuma san inda kusa take kamawa da inda ba ta kamawa.

Kayan aiki ba su da yawa. Zarto na hannu mai tsawon santimita 50 ko kusa da haka, guduma mai kunnen cire kusa, mita ta naɗewa, fensir, awartaki, samfefa, da ma'aunin kusurwa. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi rainawa, alhali shi ke raba aiki mai kyau da karkatacce. In babu shi, ka nemi guntun katakon nan mai fala-fala da ake mannewa a masana'anta, ka ɗauki kusurwarsa ta asali wadda ba a taɓa yanka ba, ita ma daidai take. Kana iya gwada ta: auna santimita 30 a gefe ɗaya daga kusurwar, 40 a ɗaya gefen, ka sa alama, in tsakanin alamomin biyu ya ba ka 50 cif, kusurwar ta miƙe. Wajen sayen zarto ka duba haƙoransa. Wanda bakin haƙoransa ya yi baƙi-baƙi an ƙona ƙarfen don ya yi tauri, yana da kaifi ƙwarai yana sabo, amma ranar da ya dakushe magagari ba ya cin sa, sai dai a sayi wani. Wanda haƙoransa suke launi ɗaya da jikinsa ana wasa shi da ƙaramin magagari mai kusurwa uku, ya yi maka shekaru.

Yanzu katako, kuma a nan zan daɗe, don a nan ake faɗuwa tun ba a buga kusa ko ɗaya ba.

Falankin da muke saya a Katako ba a ƙasarmu aka sare shi ba. Daga ƙasashen kudu masu daji da ruwan sama yake zuwa a manyan motoci, sau da yawa da sauran danshi a cikinsa. Ya sauka Yamai, hunturu ya busa masa, sai ya fara sakin ruwan nan. Katako in yana bushewa ba ya raguwa a tsawo, a faɗi yake tsukewa. Falanki mai faɗin santimita 30 da aka sayo da danshi yana iya rasa rabin santimita har zuwa guda kafin bazara ta wuce. Shi ya sa za ka ga tebur da aka haɗa samansa da falanki biyu babu ko tsaga a watan Satumba, a watan Maris kuwa tsabar kuɗi tana faɗawa ta tsakaninsu. Ba mugun aiki ba ne na guduma, gaggawa ce. In ka sayo katako, kada ka taɓa shi da zarto a ranar. Kwantar da shi a inuwa, a inda iska ke ratsawa, bisa guntaye uku ko huɗu masu kauri ɗaya don kada ya taɓa ƙasa. In sun fi ɗaya ka sa siraran sanduna a tsakaninsu, kowace a saitin ta ƙasanta, ka ɗora bulo a sama. Mako biyu zuwa uku a lokacin ɗari, fiye da haka da damina. Kada ka jingina shi da bango a rana don ya yi saurin bushewa: gefen da rana ke duka zai tsuke ya bar ɗayan, falankin ya lanƙwashe, bakinsa ya tsattsage.

A wurin mai sayarwa ma akwai abin dubawa. Ɗaga falankin ka ji nauyinsa, ka kwatanta da ɗan'uwansa mai girma ɗaya. Wanda ya fi nauyi kuma ya yi sanyi a tafin hannu shi ne mai ruwa. Ɗora baki ɗaya a ƙasa, ka kawo ɗayan saitin idonka, ka hango tsawonsa kamar mai duban bindiga. Ɗan lanƙwasa ana iya zama da shi, in aka yanka gajere-gajere yana ɓacewa. Murɗaɗɗe kuwa, wanda kusurwa ɗaya ta tashi ta bar sauran, ka bar wa mai shi abinsa ko da ya rage maka kuɗi, ba ya gyaruwa da kayan hannu. Ka duba ido, wato gurbin da reshe ya fito: ƙarami mai kama jiki ba laifi, babba baƙi da ke gefen falanki nan ne zai karye. Sannan ka nemi ƙananan huji kamar na allura, da gari mai laushi kamar na alkama yana zubowa. Ƙwaro ne a ciki, kuma in ka kai shi gida zai ci gaba da cinsa har ya koma kan sauran kayanka.

Mu a bakin aiki kashi biyu muke yi wa katako, fari da ja. Farin da ya fi yawa shi ne samba, wanda a Gana ake ce wa wawa, a Najeriya kuma obece. Ba shi da nauyi, zarto yana tafiya a cikinsa kamar a sabulu, kusa tana shiga ba ta tsaga shi, kuɗinsa kuma da sauƙi. Ga mai koyo babu kamarsa. Aibinsa biyu ne: gara da ƙwaro suna son sa, kuma ba ya jure ruwa ko kaɗan. Jan katako ya fi nauyi da ƙarfi da tsada, ya fi jure ƙwari, amma yana gajiyar da hannu, kuma in ka buga masa kusa kusa da baki ba tare da ka fara huda ba, sai ya tsage. Abin cikin ɗaki a yi shi da fari, abin da zai kwana a tsakar gida ko ya sha ruwa a yi shi da ja. Akwai kuma katakon dandamalin da ake ɗora kaya a kai a manyan motoci, ana samun su a Katako da araha, kuma busassu ne tun tuni. Ka duba hatimin da ke jikinsu: mai HT da zafi aka kashe ƙwarinsa, mai MB kuwa da hayaƙin guba ne, shi kada a yi abin ɗora abinci ko abin wasan yara da shi. Wajen kwance su kada ka yi ta ɗagawa da ƙarfi, sirara ne, fashewa suke. Ka yanke kowane falle da zarto dab da inda aka buga shi, ka yi asarar 'yan santimita ka tsira da sauran.

Bari mu yi benci, irin wanda ake zama a kai a ƙofar gida ko a fada ana jiran shayi ya nuna. Na zaɓe shi don duk abin da ake bukata a sani yana cikinsa.

Falanki ɗaya mai tsawon mita 4, faɗi santimita 30, kauri 3, ya isa benci sukutum. Tun a kasuwa ka biya masu inji su goge maka fuskokinsa, wannan ya ɗauke maka aikin yini guda. Fara da yanke santimita 5 a kowane baki ka yar, don bakin falanki kusan kullum da tsaga a ɓoye. Daga abin da ya rage ka fitar da sama mai tsawon 150, da ƙafafu biyu kowace 42. In aka ɗora saman mai kauri 3 a kansu, tsayin benci ya zama 45, wanda shi ne daidai zaman babban mutum, ƙafa a ƙasa gwiwa ba ta tashi ba. Zai rage maka kusan 156. Daga shi za a tsaga dogaye biyu masu faɗin 10 da tsawon 140, su ne nake kira ɗamara. Tsaga katako mai kauri 3 a tsaye da zarton hannu wahala ce, kuma da wuya layin ya miƙe wa mai koyo, don haka wannan ma a bar wa inji. Su kuma ƙafafun a rage faɗinsu ya koma 26, don saman ya ɗan leƙo da santimita 2 ta kowane gefe.

Yanka yana da ƙa'ida. Ja layi da ma'aunin kusurwa a fuska, ka sauko da shi a gefuna biyu, don idonka ya ga ko zarto yana karkata a cikin kaurin. Zarto yana cinye kusan milimita 2, saboda haka ba a kan layin ake yanka ba, a gefensa ne, ta ɓangaren da za a yar. Wanda ya auna duka ya jajja layi a lokaci ɗaya sannan ya yi ta yanka, zai tarar da kowane guntu ya gaza ɗan'uwansa. Auna ɗaya, yanke, sannan ka auna na gaba. Ƙafa ta biyu kuwa kada ma ka auna ta da mita, ka ɗora ta farko a kai ka zana. Wajen fara yanka ka kafa babban yatsa a gefen ƙarfen zarto, sama da haƙora, ka ja baya a hankali sau uku har ya yi wa kansa hanya, sannan ka tura da dogon hannu, ba dannawa. In ka ji yana cijewa, ko dai katakon yana lotsawa a tsakiya yana matse shi, ko kana murɗa hannu. Ka gyara matokari, ka goga ɗan kyandir ko busasshen sabulu a jikin ƙarfen. Dab da ƙarewa ka riƙe guntun da zai faɗi, in ba haka ba nauyinsa zai ɓalle da tsinin kusurwa.

A ƙasan kowace ƙafa ka yanke baki mai siffar kan mashi, faɗinsa 12, zurfinsa 10, a tsakiya. Mutane suna ɗauka ado ne. Ƙafa mai faɗin 26 in ta zauna a tsakar gida mai tudu da kwari, ƙaramin dutse ɗaya a tsakiyarta ya isa ya sa benci rawa. In aka cire tsakiyar, benci ya tsaya a kan ƙafa huɗu, kowace ta nemi wurinta a ƙasa.

Ga inda maganar take. Yawancin bencin da ake kawo mini, an ɗora sama ne a kan ƙafafu biyu aka buga kusa daga sama zuwa ƙasa, shi ke nan. Kusar nan ta shiga ƙafa ta bakin da aka yanka, tana bin jijiyar katako a tsaye, kamar ka soka tsinke a cikin damin kara. Jijiyar ba ta matse ta, gefe kawai take ba ta. Ranar farko benci yana tsaye. Mutum uku sun zauna, ɗaya ya jingina, ɗaya ya miƙe, yara sun hau sun sauka, kusar tana motsi a raminta tana faɗaɗa shi, bayan wata biyu sai ka ga benci yana tafiya dama da hagu. Mai shi ya ƙara kusa, ƙafar ta tsage. Kusa tana kamawa ne in ta ratsa jijiya a gicciye, kuma abin da ke hana ƙafa kwantawa shi ne katako mai faɗi da ya riƙe ta daga gefe. Aikin ɗamara ke nan.

A kusurwoyi biyu na saman kowace ƙafa ka yanke gurbi daidai girman ɗamarar: 10 a tsaye, 3 a kwance. Yanka biyu ne da zarto, ba ka bukatar wani ƙarfe. Kada ka dogara da lissafi, ka ɗora ɗamarar kanta a wurin ka zana gefenta, don inji yana rage kauri wajen gogewa, mai 3 yana iya komawa 2 da rabi. Gara gurbin ya ɗan matse ka goge da samfefa, da ya yi sako-sako. In ɗamara ta zauna a gurbinta, nauyin masu zama yana sauka ne a kan kafaɗar katako, kusa aikinta kawai ta hana ta zamewa. Ka sa alama santimita 15 daga kowane bakin ɗamara, nan ne fuskar ƙafa ta waje za ta tsaya. Da haka in an ɗora sama, ƙafa tana santimita 20 daga bakin benci. Kada ka shigar da ita ciki fiye da haka. Kowa ya taɓa ganin abin da ke faruwa in mutum yana zaune a bakin benci na ɗaya gefen ya tashi ba sallama, kuma in dattijo ne ko mai ciki abin ba na dariya ba ne.

Kusa mai tsawon santimita 8 za ka saya, talatin sun isa, ka ƙara biyar don waɗanda za su lanƙwashe. Ƙa'idar ita ce tsawon kusa ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na kaurin katakon da ake bugawa. Kafin ka buga wadda ke kusa da baki, juya ta ka ɗora kanta a kan ƙarfe ka ɗan daki tsininta ya dakushe. Mai tsini tana shiga ne tana raba jijiya kamar gatari, dakusasshiya kuwa murƙushe ta take yi ta wuce, katakon ba ya tsagewa. In jan katako ne sai an fara huda. Wanda ba shi da abin huji ya sa siririn ƙarfe a garwashi ya ƙona ramin, amma ya fi kusar siranta, in ba haka ba ba za ta kama ba. Shafa farin gam na katako a gurbin, siriri, a fuska biyun, ka zaunar da ɗamara, ka buga kusa ɗaya tak a kowace mahaɗa. Tsaya nan. Ɗora ma'aunin kusurwa tsakanin ƙafa da ɗamara, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a gicciye, ka auna ɗaya giccin. In biyun sun zo daidai, firam ɗin ya miƙe. In ɗaya ya fi tsawo, ka matsa shi ta wannan gefen har su daidaita. Sai yanzu za ka ƙara kusa ta biyu da ta uku, kada su jeru a kan jijiya ɗaya, ka ɗan karkata su, ɗaya ta kalli sama ɗaya ƙasa, don in an ja su riƙe juna. Ka yi hanzari a wannan mataki: a zafin watan Afrilu, da rana ke haura digiri 40, gam yana fara yin fata cikin 'yan mintoci, kuma gam da ya yi fata ba ya kama komai. Da safe ko da yamma ake irin wannan haɗi. Gam ɗin da ya tsattsafo ka share da jiƙaƙƙen tsumma nan take, in ya bushe fenti ba ya zama a kansa.

Kafin ɗora sama ka dubi bakin falankin, za ka ga layuka masu lanƙwasa, zoben shekarun itacen. Falanki in yana bushewa zoben nan suna neman miƙewa, sai ya lanƙwashe ta ɓangaren ɓawo. Ka sa fuskar da ta fi kusa da zuciyar itacen ta kalli sama, wato a bakin falankin layukan su yi kamar ƙwarya a zaune, ba a kife ba. In ya motsa sai tsakiya ta ɗan tashi gefuna su danne ɗamara, ruwa ya gangare. In ka kifa shi, gefuna ne za su tashi su zaro kusa, tsakiya ta riƙe ruwa kamar kwami. Buga saman a jikin ɗamara, kusa ɗaya kowane santimita 25, shida a kowane gefe, sannan biyu-biyu a kan ƙafafu, a karkace. Nutsar da kawunansu da wata kusar da ka kifa, don kada su kama riga ko zane. Ka cike ramukan da garin katako da aka kwaɓa da gam.

Samfefa lamba 80 da farko, sannan 120, kana bin jijiya, ba gicciye ba. Naɗe ta a guntun katako don fuska ta kwanta. Ka kashe kaifin gefuna duka, musamman inda bayan gwiwa ke taɓawa. Fenti na mai, shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, kwana ɗaya a tsakani. Kada ka shafa ranar da ƙurar hunturu ta tashi, zai bushe da yashi a jiki. Wurin da ya fi bukatar fenti shi ne wanda ba a gani, ƙasan ƙafafu, don ta bakin da aka yanka katako yake shan ruwa, kamar lagwani. Ka ba shi har sau uku. Wasu suna jiƙa ƙasan ƙafa da baƙin man mota don gara, kuma yana taimakawa, amma a abin da ke waje kaɗai. Yana ɓata tabarma da tufafi, kuma ba abin da za a kusantar da abinci ko yaro mai rarrafe ba ne.

Wanda bai taɓa riƙe zarto ba ya fara da 'yar kujerar tsakar gida, irin wadda mata ke zama a kai wajen girki da wanki. Ginin ɗaya ne da na benci: sama 35 da 25, ƙafa 18, ɗamara mai faɗin 6, kusa mai 6 in katakon mai kauri 2 ne. Guntayen da masu inji ke tarawa sun ishe ta, in ta lalace ba a yi asarar jika ba.

Kanta kuma matsalarta biyu. Ta farko yin ciki. Katako mai kauri 2 in aka ɗora masa tukwane ko littattafai, kada tazarar da ke tsakanin matokaransa ta wuce santimita 80. In ana son ta fi haka faɗi a sa tsayayye a tsakiya, ko a buga siririn katako mai faɗin 5 a tsaye a ƙarƙashin bakin gaba. Kowane hawa ya zauna a kan ɗan guntu da aka buga a jikin bangon kantar daga ciki, kada a rataye shi a kan kusar da aka soko daga waje, dalilin dai shi ne na benci. Ta biyu karkacewa gefe. Kanta mai hawa huɗu da ba ta da baya, da yatsa ɗaya za ka tura ta ta kwanta. Maganin shi ne a rufe bayan da katako mai fala-fala siriri, milimita 4 ko 5, a buga ƙananan kusa kowane santimita 15 a kewaye da kan kowane hawa. Fallensa guda santimita 122 ne da 244, rabinsa ya ishi kanta madaidaiciya, kuma tunda kusurwarsa a miƙe take, ita za ta miƙar maka da kantar. In kuɗi bai kai ba, katako ɗaya siriri daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa a gicciye yana yin aikin. A ɗakin ƙasa kada a manna kanta da bango, a bar tazarar yatsu uku, a ɗora ƙafafunta a kan fasasshen tayil ko dutse, don gara ta cikin bango da ƙasa take biyowa, kuma in da tazara za ka ga hanyarta ta laka tun ba ta yi nisa ba. Gidan da ke da yara a ɗaure saman kantar da waya a jikin ƙarfen da aka kafa a bango, yaro yana ganin hawa-hawa tsani yake gani. Shi kuwa katakon nan da ake matsawa da garin katako da gam, mai santsi kamar takarda, kada ya kusanci inda ake wanke-wanke. Ruwa kaɗan ya taɓa bakinsa ya kumbura, ba ya komawa.

Mazaunin randa shi ne aikin da na fi so mutum ya yi wa iyalinsa, kuma shi ne wanda ba ya yafe ganganci. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, randa mai lita 40 da nauyin jikinta ta kusa buhun siminti, ga shi kullum tana tsattsafo. Jan katako kaɗai. Ƙafa huɗu masu kauri 6 da 6, tsayi 45. Ɗamara huɗu a sama masu faɗin 8, kowace a gurbinta, wasu huɗu a ƙasa santimita 12 daga ƙasa, su ne ke hana ƙafafu buɗewa. Bakin da randa za ta zauna a ciki ya zama kamar kashi biyu cikin uku na faɗin cikinta: in cikinta 50 ne, bakin ya zama 33 ko kusa. In ya yi faɗi za ta nutse ta matse, in ya yi ƙanƙanta za ta tsaya a kan tsini, hannu ɗaya ya kifar da ita. Ka fere gefen ciki na ɗamarar sama ya bi lanƙwasar randa, ka naɗa masa robar tsohon tayan babur, don yumɓu a kan kaifin katako tsagewa yake. Kusa ta yau da kullum tana tsatsa a nan ta baƙanta katako ta cinye raminta, ka nemi farar kusa irin ta bugun kwanon rufi. A bar ƙasa a buɗe a ajiye tasa tana tarar ɗigon, iska kuma tana zagaya gindin randar, abin da ke sanyaya ruwan ke nan.

In kana aiki, kusar da ka cire kada ta kwana a ƙasa, gwangwani ɗaya a gefenka ya isa, kuma guntun da ke da kusa a jiki a lanƙwashe ta ko a zare nan take. Tsakar gidanmu yara ba takalmi suke yawo ba. Wanda tsohuwar kusa ta soka ya wanke da ruwa da sabulu ya tafi likita a ranar a duba maganar allurar tetanos, ko da ramin ƙarami ne, don zurfinsa ne abin tsoro. Garin jan katako yana sa tari da ƙaiƙayin ido, a ɗaure hanci da ƙyalle wajen gogewa, a yi a waje.

Sabon benci ka bar shi kwana ɗaya kafin a zauna, gam ya gama kamawa. Bayan hunturun farko ka juya shi ka duba. Za ka tarar da wasu kawunan kusa sun ɗan taso, don katakon ya tsuke ya bar su. Ka mayar da su da guduma. In ƙafa ɗaya ta daina taɓa ƙasa, ɗora bencin a kan daɓen siminti mai kwanciya, ka cusa guntun kwali a ƙarƙashin mai lilon har ya tsaya, ka kwantar da fensir a ƙasa ka zagaye ƙafafu huɗun da shi, ka yanke a kan layin, sannan ka sake shafa fenti a bakin da ka buɗe kafin ruwan farko na watan Yuni ya sauka.